Damin Iri Guda da Ya Rage Mana a Nahuce

Shekaranjiya aka yi wani ɗan yayyafi a nan Damba, wanda ko tsakar gida bai gama jiƙawa ba. Kafin in kwashe shanya sai ga jikana Bashir da sungumi a kafaɗa, wai zai je ya shuka ɗan filin da muke taɓawa a bayan unguwa. Malam, maigidana, yana kishingiɗe a gindin dogonyaro da carbi a hannu. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Kai, aje sungumin nan. Wanga ba ruwan shuka ba ne. Tona ka gani, ko gaɓar yatsa bai shiga ba."

Ni kuwa dariya ta ƙwace mini har sai da na dafa bango. Na ce, "Ikon Allah! Wai yau Malam ne mai hana gaggawar shuka."

Ya harare ni ta gefen ido ya ce, "Ladi, ke dai ba ki mantuwa."

Ina fa zan manta? Abin da ya kusa raba mu da gona ai ba ya mantuwa.

Lokacin muna Nahuce, a gidan gado, ni da shi da mahaifiyarsa Inna, da 'yarmu ta fari da ba a daɗe da yaye ta ba, ga wani cikin ina ɗauke da shi. Daminar da ta gabata ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai, abin da muka kwaso bai kai mu ko rabin rani ba. Sai Malam ya tafi wajen Tsafe neman ƙwadago, yau sharar gonar wani, gobe lodin buhuna a bakin titi. Ya dawo mana da ɗan hatsi da atamfa turmi guda, ya kuma dawo da a-ji-garau.

Yaran yanzu ba su san ta da wannan suna ba. Nasu ƙwayoyin suna da sunayen da harshena ba ya iya juyawa, ina ganin masu babur a bakin hanya ido jajir suna ta surutu su kaɗai. A zamaninmu guda ce aka sani, 'yar ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba. Wani mai keke ke kawo ta ranar kasuwa, a cikin akwatin da yake sayar da maganin ciwon kai da man zafi. Masu ƙwadago ke sha don su yi aikin mutum biyu. Kada a ɗauka Malam ɗan tasha ne. Salla ba ta wuce shi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma don mu ya fara sha. Ina son mijina, ina jin tausayinsa, amma wallahi a shekarar nan ya ba ni haushin da ban taɓa ji ba.

Abin da na fara lura da shi, maza biyu nake aure a jiki guda. In ya sha, ba ci ba barci, leɓe a bushe, haƙora na ta cizon juna, magana kuwa kamar an ɓalle bakin rijiya. A irin wannan ranar babu abin da ya fi ƙarfinsa. Mutum uku suka zo gayyatarsa gayya rana ɗaya, kowanne ya ce masa, "An gama, ni ne na farko a gonarka." Ya fara haƙa mana rijiya a bayan ɗaki, ya kai iya ƙugu ya bari, akuyar Inna ta faɗa ciki. Ya yi musayar jakinmu da rediyo, ya shigo da ita yana dariya, wai noman bana sai an nemo mota, jaki ya yi kaɗan. In kuwa ta sake shi, sai ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ka ce masa ga ruwa, ya ce me ruwa zai yi masa. A irin wannan ranar ya kyautar da sabuwar fartanyarsa, wai noma wahalar banza ce. A sama ko a ƙasa, duk abin da ya yanke sai mun kwana muna gyara.

Bazara ta shigo da zafinta. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su laɓe a gindin randa. Da asuba nake fita rijiyar bakin gari, don in rana ta ɗaga sai laka guga ke kawowa. In na dawo in ɗora ruwan kunu, in akwai abin damawa. Inna ta ɗauki ƙwarya ta bi bakin rafi ta tsinko zogale da yaɗiya, mu yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli. Da azahar a jiƙa garin ɗorawa a sha, ya riƙe ciki zuwa la'asar. Tuwo sau ɗaya ne, shi ma ba kullum ba. Duk da haka ba zan ce zaman baƙin ciki muke yi ba. Da yamma matan unguwa kan taru a tsakar gidanmu muna kaɗi muna zolayar juna, kowa da yunwarta, ba mai yi wa wata gori.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa komai tsanani, shi ne iri. Yanzu in iri ya ƙare sai a shiga kasuwa a sayo a leda. A da kuwa abin da ka zaɓa da kaka ka ɗaure, shi ne naka. A shekarar yunwa ba mai ba ka nasa, don shi ma bai ishe shi ba. Wanda ya rasa iri ya rasa damina, wanda ya rasa damina biyu a jere sai dai ya bar gari. 'Yan damman irinmu suna cikin rumbun Malam, manyan zangarniyoyi masu cika, irin da mahaifinsa ya bar masa.

Shamuwa ta iso, ta sauka a kan kukar masallaci. Hadari ya riƙa haɗuwa a gabas yana watsewa. Ran nan da la'asar aka yi yayyafi, daidai irin wanda aka yi mana shekaranjiya a Damba, ƙasa ta yi ƙamshi ta tayar wa kowa da hankali. Dattawa suka tona suka ce a dakata. Malam kuwa da safen nan ya sha abarsa. Ya hau rumbu ya fara jefo damman iri ƙasa, yana cewa, "Masu jira su yi ta jira! Kafin su farka gerona ya kai gwiwa. Ladi, ɗauko turmi!"

Na ce, "Malam, a raba mana biyu mana. In wannan bai kama ba..."

Ya ce, "Zai kama. Ni na san zai kama. Jikina ya ba ni."

Inna ta miƙe. Ta tako a hankali, ta zaɓi dami guda, ta gyara zane ta zauna a kai. Ta ce, "Wanga dai in ka isa ka ɗaga ni."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Riƙe abinki, tsohuwa, da kaka in cika miki ɗaki." A wannan halin komai abin dariya ne a wurinsa, shi ya cece mu.

Muka sussuke sauran. Washegari ya shiga gona yana sara da sungumi kamar ana korarsa. Aikin shuka namiji ke sara rami a gaba, mace na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ni da ciki ina zan iya binsa? Da ya ga na yi nisa a baya sai ya karɓi ƙwaryar, ya riƙa sara yana zubawa da kansa, inda ake sa ɗan tsunkule shi sai ya saki rabin tafi. Irin da ya kamata ya rufe gona duka ya ƙare bai wuce rabinta da yawa ba. Ya tsira kuwa. Kore shar, gwanin sha'awa. Malam ya riƙa zagaya gari yana tambayar mutane ko sun leƙa gonarsa.

Daga nan sama ta bushe tas. Ko gajimare babu. Ina zuwa gona ina ganin tsiron yana naɗe ganye, ya yi fari, ya kwanta. Ranar da na murza guda a hannuna ya zama gari, na zauna a kan kunyar gona na yi kuka na gode Allah.

A daidai lokacin kuma mai keke ya daina zuwa, an ce ya yi tafiya. Ƙwaya ta yanke wa Malam, ga gona ta ƙone. Ya shiga ɗaki ya kwanta, fuska a bango. Ya yi barci kamar ba zai tashi ba, in ya farka ya ci abin da aka ajiye ba tare da ya duba ba, ya koma. Rediyon nan ko kallonta ba ya yi. Ran nan yarinya ta tashi da kukan yunwa tun safe, na goya, na jijjiga, ta ƙi shiru. Sai na ji muryarsa daga ɗaki, can ƙasa.

"Ladi."

"Na'am, Malam."

"Damin nan da Inna ta hana, ki daka shi ku ci. Ba wani ruwa da za a yi. Bana an gama. In na samu ƙarfi in tafi Gusau in yi dako, gonar wanda ke so ya ɗauka."

Na ce, "To."

Me zan ce? Miji ya yi magana, kuma ba ƙarya ya yi ba, yunwa muke ji. Na je wurin Inna ina sa ran za ta sake zama a kan damin. Ta girgiza kai ta ce, "Wancan karon da mai dariya na yi, shi ya sa na ci. Wanga in na yi gardama da shi, fita zai yi ya bar mana gidan yau ɗin nan. Mijinki ne, kin ce to, ɗauko turmi."

Na kwance damin na zuba a turmi. Allah ya sani, da ƙamshin geron nan ya bugi hancina sai da yawuna ya tsinke, ɗan cikina ya motsa. Na sussuka da ƙarfi, yadda duk gidan zai ji. Na sheƙe ƙaiƙayi, tsaba ta fito jawur mai nauyi, ta kusa cika babbar ƙwarya. Saura surfe. Duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san wannan: gero in an sussuka, yana iya zuwa tukunya, yana iya zuwa gona. Amma da zarar an yayyafa masa ruwa an surfa, an cire masa dusa, ya mutu, ko a bakin kogi aka shuka shi ba zai tsira ba. Na ɗebo ruwan a moɗa, na tsaya a kan turmi, yarinya tana ta kuka a bayana. Na daɗe a tsaye. Sai na kai moɗar bakinta ta sha, na shanye sauran.

Inna tana kallona daga ƙofar ɗakinta. Ta shiga ta fito da wata tsohuwar tukunya da toka. Muka gauraya irin da tokar saboda ƙwari, muka rufe, muka tura ƙarƙashin gadonta.

Daga ranar na shiga yi wa mutane surfe da daka. Gidan mai unguwa da gidan wani mahauci suna da sauran hatsi. In na yi musu aiki su ba ni dusa da ɗan tsaki, wani lokaci da tafin gero. Hannuna ya yi kanta, bayana kamar zai tsinke, amma ana samun kunu. Malam yana ganin kunu da ɗan gero a ciki, ya ɗauka irin ne muke ci. Bai tambaya ba, ni ma ban ce ba.

Na tambayi Inna yaushe za mu gaya masa. Ta ce, "Sai ya dawo."

Na ce, "Ai ga shi nan kwance."

Ta ce, "Wanga ba shi ba ne, wancan mai rijiya ma ba shi ba ne. Ni na haife shi. Ɗana mutum ne mai tsegumin miya, tun yana yaro. Daga yau kada ki sa gishiri a miyarshi."

Haka muka yi. Kullum in zuba masa miyar kuka salam, ba gishiri ko ƙwaya. Ya shanye, ya ture kwano, ya juya bango. Ni har tausayi ya kama ni, na ce Inna wannan ai zalunci ne. Ta ce in dai bai ji ba, ba a zalunce shi ba. Aka ɗauki kwanaki a haka. Ran nan da azahar ya fito da kansa ya zauna a inuwar rumbu, ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya. Ya tsaya. Ya ɓata fuska ya ce, "Wai gishiri ya ƙare a garin nan ne, ko ni anka raina?"

Inna ta ajiye mazarinta ta ce, "Alhamdu lillahi. Sannu da zuwa."

Bai gane ba. Na kawo gishiri ya barbaɗa, ya ci a hankali, ya ɗauki yarinya ya ɗora a cinya, abin da ya daɗe bai yi ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda wani hadari ya fara yin baƙi. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ladi, mi na yi? Wancan na ƙone, wanda ya rage na sa an cinye. Irin Baba. Ko an yi ruwa yanzu, mi za mu sa a ƙasa?" Wannan karon idonsa a kaina yake, ba a bango ba.

Na shiga ɗakin Inna na jawo tukunyar, na dire a gabansa na buɗe. Ya dube ta, ya dube ni. Ya tura hannu cikin irin har wuyan hannu, ya damƙo, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Allahu akbar," a hankali, ya maimaita. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, na koma murhu ina gyara wutar da ba ta buƙatar gyara.

Hadarin ranar yayyafi kawai ya yi. Malam ya fita ya tona ya dawo ya ce a jira. Aka sake wani, ya sake cewa a jira, ga hamma, ga saurin fushi, amma maganarsa ɗaya ce yau da gobe. Sai ran wata kasuwa da hantsi, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe mana faifai da tabarma, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka yini ana yi. Ramin rijiyar Malam ya cika taf, kwaɗi suka samu gida. Da aka tona, laima ta wuce tsawon hannu.

Da safe muka fita, gari duka ya fita. Mai keke kuwa ya dawo a kasuwar jiyan, ruwa ya tsare shi a rumfa. A bakin gona na ga Malam ya zaro 'yar takarda a ƙudundune daga aljihu, da ƙwayar nan a ciki.

Ya ce, "Rabi kawai, Ladi. Don mu gama yau."

Na ɗora ƙwaryar iri a kai na ce, "Sha abinka, Malam. Amma ni da irin nan gida za mu koma."

Ya yi tsaye, makwabta na ta wucewa suna yi mana barka da ruwa. Ya yi tsaki, ya mayar da ita aljihu. Ban ce ya jefar ba, shi ma bai jefar ba. Ya ɗaga sungumi ya sara.

Ban taɓa ganin shuka mai nawa irin wannan ba. Yana sara yana haki yana mita, wai sungumin ya yi nauyi, wai ni na cika jan ƙafa. Ina biye, tsunkule ɗaya rami ɗaya, in rufe da diddige. Ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Inna tana gindin marke da yarinya, tana yi mana tsiya. Ba mu gama a ranar ba, ba mu gama washegari ba. Amma da muka kai kunyar ƙarshe ta bakin iyaka, akwai sauran ɗan tafi a gindin ƙwarya, na ƙulle shi a bakin zane don cike gurbi.

Ba zan ce daga nan ya daina ba. Da noman farko ya zo, ciyawa ta taso, ya koma ya sha, ya sake yi wa mutane alkawuran da bai cika ba, ya sake kwanciya. Sai da aka yi shekaru ana faɗuwa ana tashi kafin Allah ya raba shi da ita. Amma geron nan ya yi. Ba mu cika rumbu ba, mun dai samu abin da ya kai mu wata daminar, na haihu ana cikin girbi.

Da aka gama ɗaurin dammuna, ya zauna a tsakar gida ya zaɓi manyan zangarniyoyi ya ɗaure na iri. A garinmu iri a rumbun maigida yake kwana, mace ko leƙa rumbun ba ta yi. Ina zaune a ɗaki da jariri sai na ga ya shigo da su ɗaya bayan ɗaya, yana jingina su a bayan gadona. Wansa da ya zo barka ya ce, "Kai kuwa lafiya? Iri a ɗakin mace? Mi mutane za su ce?"

Malam ya ce, "Su ce." Ya juyo gare ni ya ce, "Ki aje. Ko ni na zo na ce ki ba ni, ki ce in dawo gobe. In na dawo goben da magana iri ɗaya, ki ba ni."

Bazara ta gaba kuwa ya zo. An yi ɗan yayyafi, ga shi a ƙofar ɗakina ido na ƙyalli, leɓe a bushe, yana cewa in fito da iri maza, bana shi zai riga kowa. Na ce, "Malam, ka dawo gobe."

Ya tsaya ya zuba mini ido, har na ɗauka zai ture ni ya shiga. Sai ya yi tsaki ya juya ya fita.

Washegari na share ɗaki, na zauna ina jira har rana ta take tsaka. Bai dawo neman irin ba.